Yadda Za Ka Gano Inda Labarinka da Wasan da Ka Ƙirƙira Suke Yoyo

Wata rana bayan la'asar na miƙa wa ƙanwata wayata, na ce ta karanta wani labari da na shafe wata huɗu ina rubutawa. Ta zauna a bakin ƙofa tana ja da ɗan yatsa. Can sai ta ɗago ta ce, "Yaya, wai me ya hana matar nan komawa ɗakinta? Ai mijin bai yi mata komai ba." Na buɗe baki zan ce ai ya cinye mata kuɗin gado, sai na tsaya. Na karɓi wayar na bi labarin tun daga farko. Maganar gadon ba ta ciki ko sau ɗaya. Na kwana da ita na tashi da ita, har adadin kuɗin na sani, amma ban taɓa rubuta ta ba.

Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A harkar rubutu da ƙirƙirar wasa kuwa, mai ɗakin ne ƙarshen sani. Rabin aikin yana kan takarda, rabi yana cikin kansa, shi kuma a haɗe yake ganin su. Mai karatu da mai wasa rabin da ke kan takarda kawai suke samu. Kakarmu mai tatsuniya ba ta da wannan matsalar, domin tun daga "ga ta nan ga ta nanku" idonta yana kan yara. Ta ga wanda ya fara gyangyaɗi, ta ji wanda ya ce "to, Ƙoƙi fa tana ina?", ta gyara nan take. Mu da muke rubutu mu kaɗai cikin dare mun rasa waɗannan fuskoki, sai mun nemo su da gangan. Matakan nan duk aikinsu ke nan.

Mataki na farko: rubuta abin da kake nufi, a jimla ɗaya

Kafin ka nemi aibi, sai ka san mene ne aibi a wannan aikin. Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya tak. Ga labari: wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya. Ga wasa: me kake so mai wasa ya ji a ransa yayin da yake yi. Tsoro ne, ko gaggawa, ko daɗin shirya wa abokin karawa tarko?

Dalilin wannan shi ne abu ɗaya yana iya zama aibi a nan, ya zama manufa a can. Wasan Monopoly, wanda ake sayen filaye ana karɓar haya a cikinsa, ya samo asali daga wani wasa da wata Ba'amurkiya, Lizzie Magie, ta yi wa rajista a 1904. Ta tsara shi ne don mutane su ga yadda mai filaye ke ƙara kuɗancewa, 'yan haya kuma suna tsiyacewa. Saboda haka idan wanda ya fara gaba ya ci gaba da yi wa sauran nisa har suka gaji, wasan ya isar da saƙonta. Amma kai idan jimlarka ta ce "ina so kowa ya ji yana da damar ci har zagayen ƙarshe", wannan halin a wasanka ciwo ne. Idan kuma ka kasa rubuta jimlar gaba ɗaya, to ka riga ka samu aibi na farko, kuma shi ne babba.

Mataki na biyu: ajiye shi ya huce

So hana ganin laifi. Abin da ka gama jiya kana cikin son sa, kuma kana tuna kowace kalma, don haka idonka zai riƙa tsallake kuskure yana cike gurbi da abin da ka yi niyya. Gajeren labari ka ba shi mako biyu, littafi wata ɗaya ko fiye. Idan za ka dawo masa, sauya masa kama: abin da ka rubuta a waya ka buga shi a takarda, ko ka canza girman haruffa.

Na san wannan yana da wuya ga marubutan da ke sakin shafi kullum a WhatsApp ko Wattpad, masu karatu suna jiran na gobe. Shawarata ita ce ka riga masu karatunka da babi goma kafin ka saki na farko. Hakan zai sa duk abin da ya fita ya kwana aƙalla mako guda a hannunka.

Mataki na uku: karanta da baki

Hausa harshen kunne ne, karin sauti da tsawon wasali ba sa fitowa a rubutunmu na yau da kullum. Shiga ɗaki ka karanta da murya, ka naɗa a waya, sannan ka saurara kana wani aiki. Inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Inda harshenka ya harɗe, akwai kalmar da ba a wurinta take ba. Inda ka ji hankalinka ya tafi wani wuri, can mai karatu zai ajiye littafin.

Maganar taurari ita ce ta fi tonuwa a wannan gwaji. Rufe sunayen masu magana ka karanta hirar. Za ka iya gane tsohuwa daga budurwa? Direban mota daga malamin makaranta? Idan duk bakinsu ɗaya, to kai ne kake magana da kanka. Ka kuma saurari jimlolin da aka yi tunaninsu da Turanci aka sa musu rigar Hausa. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce: mahaifiyata za ta faɗi haka?

Ƙa'idojin rubutu ka bar su zuwa ƙarshe, amma kada ka raina su. "Ya ce" kalma biyu ce, "da shi" ma haka, "gidansa" kuma ɗaya. Lanƙwasa tana sauya ma'ana: ƙafa daban, kafa daban, haka bari da ɓari, daka da ɗaka.

Mataki na huɗu: kwance labarin ka ga ƙashinsa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancinmu muke gudu. Ɗauki littafin rubutu, ka ba kowace fitowa layi ɗaya. A layin ka amsa abu uku: wa ke son wani abu a nan, me ya hana shi, me ya sauya kafin fitowar ta ƙare. Kada ka rubuta daga ka. Buɗe shafin ka rubuta abin da ke wurin kawai.

Idan ka gama, bi jerin daga sama zuwa ƙasa, ka gwada haɗa kowane layi da na bayansa da "saboda haka" ko "amma". Duk inda ba abin da ya shiga tsakani sai "daga nan kuma", zaren ya tsinke. Labarin da aka ɗinke da "daga nan kuma" jerin aukuwa ne, mai karatu zai iya tsallake babi uku bai yi asarar komai ba.

Wannan jeri yana fito da wasu cututtuka da na sha gani a aikina da na abokai. Akwai fitowar da gurbin "me ya sauya" ya zauna fayau: an yi kwalliya, an shiga mota, an ci abinci, an dawo. An kashe shafi biyu wajen siffanta gashi da hanci da kayan falo, ba wanda ya so komai. Akwai tauraruwar da ba ta taɓa yanke shawara ba, sai dai a yi mata aure, a zalunce ta, a cece ta. Ƙirga sau nawa ta zaɓi abu da kanta har ya jawo mata sakamako. Idan bai kai uku ba a littafi guda, labarin wani ne ba nata ba. Akwai kishiya ko uwar miji da mugunta kawai take yi ba dalili. Zauna ka rubuta shafi ɗaya da bakinta, tana ba wa ƙawarta labarin yadda ita aka cuce ta. Ba sai ya shiga littafin ba, amma idan ka kasa rubuta shi, ba mutum ka gina ba.

Sai babbar cuta, wato warware ƙulli da abin da ya faɗo daga sama: haɗarin mota, asiri ya karye ba wanda ya yi wani ƙoƙari, wani attajirin kawu ya dawo daga ƙasar waje, ko a farka a ga ashe mafarki ne. Ƙaddara gaskiya ce, kuma tana da wuri a labari. Amma gwada wannan: sa yatsa a kan abin da ya warware rikicin, ka koma baya ka nemo inda ka shuka shi. Idan ba shuka, girbin na sata ne. Ka kuma yi akasin haka, duk abin da ka shuka ka nemo inda ka girbe shi. Wasiƙar da aka ɓoye a babi na biyu, wa ya buɗe ta?

Abu na ƙarshe a nan: duba inda labarin ya fara da gaske. Sau da yawa layi na huɗu ko na biyar ne a jerin, abin da ke gabansa duk share fage ne da kai ka buƙata don ka shiga labarin, mai karatu bai buƙace shi ba. Masu shiga gasar gajerun labarai irin Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016, su suka fi kowa sanin zafin wannan, domin kalmomin a ƙirge suke.

Mataki na biyar: ka zama maƙiyin wasanka

Wasa ya bambanta da labari ta fuska ɗaya. Mai karatu yana bin hanyar da ka shimfiɗa, mai wasa kuwa yana neman ta inda zai ɓulle. Don haka ko wasan waya kake nufin ginawa da manhajar gina wasa irin Godot ko Unity, fara da kwali da marafan kwalba da biro. Dokar da za ta ci maka mako guda wajen sauyawa a kwamfuta, a kwali sai ka soke ta ka rubuta wata.

Na taɓa yin wani wasan fatauci a kan kwali. Garuruwa ne tsakanin Kano da Agadas da Bilma, ana sayen goro da fata da gishiri a kai inda suke tsada. Ni a raina ayari nake gani yana keta sahara. Ƙanena ya zauna ya yi shiru a wasan farko. A na biyu sai ya zaɓi garuruwa biyu da ke kusa da juna, ya dinga kai da komo tsakaninsu da haja ɗaya, bai taɓa shiga sahara ba, ya cinye mu duka. Na ce masa ai ba haka ake yi ba. Ya ce, "Yaya, wace doka ce ta hana?" Babu. Gaskiyarsa ce. Maganin da na samu shi ne farashin haja ya riƙa faɗuwa duk lokacin da aka sayar da ita a gari ɗaya, sai tafiya mai nisa ta zama dole ba tare da na haramta komai ba.

To kafin wani ya yi maka haka, yi wa kanka. Buga wasan kai kaɗai kana riƙe da hannu biyu ko uku. Hannu ɗaya ya yi wasa yadda ka yi mafarki. Na biyu ya zaɓi dabara ɗaya mafi sauƙi ya maimaita ta har ƙarshe. Na uku ya yi ta zaɓe da ka, ba tunani. Idan na biyu ya ci, kana da dabarar da ta kashe sauran. Idan na uku yana ci daidai da na farko, zaɓin da ka ba mai wasa na ado ne, sa'a ce ke mulki.

Duba dara ka ga yadda magabata suka toshe irin waɗannan ƙofofi. Gurbi 30 ne, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12. Idan an gama zubi gurbi shida kacal ke saura, shi ya sa kowane motsi yake da nauyi. Ba a yarda ka jera uku lokacin zubi ba, kuma jera huɗu ba ci ba ne. Cire dokar farko ka buga sau biyar, za ka ga wasan ya lalace tun kafin a fara tafiya. Wannan gwaji ne mai kyau ga naka wasan: cire kowace doka ɗaya bayan ɗaya ka buga. Wadda aka cire ba abin da ya sauya, kaya ce kawai, a sauke ta.

Sannan ka yi lissafi, kada ka dogara da yadda ka ji. Misali, idan ka ce sai an jefa shida ake fita gida kamar a ludo, da dayis ɗaya, mutum ɗaya cikin uku zai yi jifa shida a jere bai samu ba. Da dayis biyu, ɗaya cikin uku zai yi zagaye uku yana zaune. Ka yarda ɗan wasanka ya yi wannan zaman yana kallon wasu? Idan kuma kana haɗa dayis biyu, ka sani bakwai tana fitowa ta hanya 6 cikin 36, biyu da goma sha biyu kuwa ta hanya ɗaya-ɗaya. Wanda ya sa babbar lada a kan bakwai yana zaton lambobin daidai suke, ya karkatar da wasansa bai sani ba.

Ka riƙa rubuta wanda ya fara da wanda ya ci. Idan a wasa 20 mai farawa ya ci 15, da wuya ya zama katari, domin a wasan da ba ya fifita kowa hakan ba ya faruwa sai kamar sau 2 cikin 100. Wannan tsohuwar matsala ce. A wasan Go, wani irin dara na gabashin Asiya, bisa ƙa'idar Japan, ana ba wanda ya bi baya maki shida da rabi don a rage fifikon mai farawa.

Mai haɗa labari da wasa, irin wanda ake ginawa da manhajar Twine inda mai karatu ke zaɓar hanya, yana da nasa tarkon. Zaɓi biyu a mararraba goma yana haifar da hanyoyi 1024. Ba mai iya rubuta su. Zana taswirar a takarda, ka nemo rassan da suka mutu ba ƙarshe, da waɗanda suka koma wuri ɗaya ba tare da zaɓin ya bar wata alama ba.

Mataki na shida: ba wa wani, ka kama bakinka

Wannan ya fi duka ciwo, ya kuma fi duka amfani. Nemo mutanen da ba su taɓa ganin wasan ba, ka ba su kwalin da takardar dokoki, ka koma gefe da biro. Kada ka yi bayani. Za su karanta doka su fahimce ta a karkace, cikinka zai yi ta juyawa, amma ka daure. Ranar da wasan ya fita hannunka ba za ka bi shi gida-gida kana fassara ba.

Abin da za ka rubuta shi ne abin da jikinsu ya yi. Minti nawa kafin su fara? A ina suka koma takardar dokoki? Wa ya ciro waya yana dubawa, kuma a zagaye na nawa? Yaushe aka yi ihu ko dariya? Da aka gama, sun ce a sake, ko sun miƙe suna cewa "ma sha Allah, ya yi kyau"? Mu mutane ne masu kara, da wuya wanda ya ci abincin gidanku ya ce maka aikinka bai yi ba. Bakinsa zai yi maka kara, amma hamma ba ta kara.

Idan wasan waya ne, gwada shi a ƙaramar waya mai arha, ba data, a tsakar rana. Duba ko ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa ko sun koma akwatuna, domin ba kowane zubin haruffa ne yake ɗauke da su ba. Ka lura kuma ko mai wasa ya gane abin yi ba tare da dogon rubutu ba. Matakin farko na wasan bidiyon Super Mario Bros. na 1985 har yau ana koyar da shi saboda wannan: an tsara fagen yadda mai wasa zai koyi tsalle da gane abokin gaba da hannunsa, ba a rubuta masa umarni ba.

Ga labari ma haka ne. Kada ka tambayi mai karatu "ya yi daɗi?" Ce masa ya sa alama a inda ya ajiye ya tashi. Bayan kwana biyu ka ce ya ba ka labarin da bakinsa. Abin da ya manta bai yi nauyi ba, abin da ya juya kuma ba ka fayyace shi ba. Ka nemi mutum uku zuwa biyar, a cikinsu a samu wanda ba ya jin nauyinka. Zaman karatu na ƙungiyoyin marubuta, irin su rassan ANA, wato ƙungiyar marubutan Najeriya, yana da amfani a nan, domin za ka karanta a gaban waɗanda su ma sun san wahalar abin.

Mataki na bakwai: karɓi ciwon, ka binciki maganin

Mai karatu kamar majinyaci ne, ya san inda ke masa ciwo, amma ba lallai ya san magani ba. Idan ya ce "ƙarshen ya yi sauri, ƙara babi biyu", yarda cewa akwai matsala a ƙarshen, amma sau da yawa gyaran yana can baya, inda ba ka shuka ba. Idan mai wasa ya ce "a ƙara mini kuɗin farawa", wataƙila abin da ke damun sa shi ne zagaye huɗu na farko ba shi da abin yi. Ƙorafin mutum ɗaya ka rubuta ka ajiye. Idan uku suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, dutse ne a wurin.

Kada ka kare kanka a lokacin. Ka ce na gode, ka rubuta, ka kwana a kai. Kuma idan za ka gyara wasa, sauya abu ɗaya ka sake gwadawa. Wanda ya sauya dokoki huɗu a tashi ɗaya ba zai san wadda ta yi aiki ba.

Akwai wani ƙaramin littafi da nake ajiyewa, inda nake rubuta duk aibin da aka kama ni da shi, da aikin da aka same shi a ciki. Bayan ayyuka kaɗan sai na ga ashe ba su da yawa, su ne dai suke dawowa da sabuwar riga. Nawa guda uku ne: ina barin dalilin rikici a cikin kaina, ina tausaya wa tauraro in cece shi da wuri, a wasa kuma ina ƙara doka a inda ya kamata in rage. Yanzu duk aikin da na gama, kafin in nuna wa kowa, sai in buɗe wannan shafi in bi aikin sau uku, kowane bi ina farautar guda ɗaya. Bayan haka ne nake kiran ƙanwata in miƙa mata wayar.